Hannun Hagun Harshadbhai

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ni za a ce wa mai maguɗi? Ni Perpetua Adongo, da na ƙare ƙuruciyata ina shugabantar makarantar 'yan mata a nan Kisumu, ina korar yara a kan satar amsa?

Daktari Kirui, shugaban ƙungiyarmu ta wasan katin nan da ake kira birij, ya kira ni tun ban gama shan shayi ba. Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi gwiwata, ya tambayi ruwan sama. Na ce, "Daktari, ni ba saniya ba ce da za ka shafa kafin allura. Faɗi abin da ya sa ka kira." Likitan dabbobi ne a Kericho, kuma haka yake tafiyar da mutane.

Ya ce an kai ƙara a kan gasar Kericho ta watan jiya, wadda ni da abokin wasana Harshadbhai Raichura muka ci. Wai muna yi wa juna alama. Kwamiti ya riƙe kofin, kuma kada mu zauna a tebur sai an saurare mu ranar ashirin da bakwai. Bikin cikar ƙungiya shekara sittin kuwa sati ɗaya ne bayan nan, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihinta.

Jiya-jiyan nan na rubuta a shafin farko, saboda jikokinmu da ba su san wasan ba, cewa mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka, ba ka ganin katinsa, ba ya ganin naka. Duk abin da za ku gaya wa juna sai ta hanyar tayi, wato faɗin yawan zagayen da za ku ci, da katin da aka jefa, a idon kowa. Tari, ɗaga gira, sosa kunne, duk sata ne. Ni na rubuta wannan da hannuna, yau ga shi ana karanta mini.

Na tambayi Daktari wace alama ce. Ya ce yatsun hannun hagun Harshadbhai. Na kashe wayar.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, na je shagon Harshadbhai. Yana can baya tsakanin gwangwanayen fenti, inda ya saba zama tun da ya sakar wa ɗan wansa kanta, ga shayi ga gathiya, cincin ɗinsu na Indiyawa, a faranti.

"Mwalimu, zauna. Fuskarki kamar an ce an soke Kirsimeti." Mwalimu, wato Malama, haka kowa ke kirana a nan.

"Kirui ya kira ka?"

"Ya kira."

"To?"

"To me? Ci gathiya, yau aka soya."

"Bhai, kalma ɗaya za ka faɗa musu, maganar nan ta mutu."

"Kin rantse mini a cikin mota, a watan Maris."

"Na ce ba zan gaya wa Rupal ba."

"Kowa kika ce. Kunnena dai lafiyarsa ƙalau."

Rupal 'yarsa ce da ke Leicester a ƙasar Turawa, kuma ta daɗe tana neman dalilin da za ta tattara shi ta tafi da shi can. Na san haka. Na kuma san abin da na ce a motar, muna fitowa daga asibiti. Duk zaman da muka yi hannun yana cikin aljihun wando, da dama yake ɗaukar kofi, da dama yake miƙo mini faranti. Ban ci gathiyar ba.

Laraba, 3 ga Yuli, tsakar rana

Alkawari kaya ne. Wannan kuwa buhun siminti ne.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Tun da an hana ni wasa, na zauna na yi aikin tarihin. Su hana ni wannan ma in gani.

Turawan gonakin shayi da na jirgin ƙasa suka kafa Ƙungiyar Birij ta Tafki da Tuddai. Garuruwa huɗu: Kisumu, Kericho, Eldoret, Kisii. Kofin Tafki yana zagaya su, kowace shekara gari ɗaya ya karɓi baƙi. Da farko Indiyawa na iya zuwa su yi wasa, amma shayinsu a baranda suke sha. Mu kuwa, sai dai mu kawo shayin. Na rubuta shekarar da ambaliya ta tare motar 'yan Kisumu a Ahero, suka kifa akwati a tsakiyar mota suka yi ta wasa har ruwa ya janye. Na rubuta shekarar da 'yan Eldoret suka manta kofin a cikin matatu, motar haya, aka same shi a gidan direban an zuba masa sukari.

Sai na zo 1981, biro ya tsaya.

Ranata ta farko ce a gasa, ina ƙaramar malamar lissafi, na sa rigar coci. Ba wanda ya yarda ya zauna da ni, sai aka haɗa ni da wani siririn mai sayar da ƙusa da abokinsa bai zo ba. Muna tsakiyar wasa da wasu Turawa mata biyu, zufa ta sa sarauniyar kati ta suɓuce mini ta faɗi a buɗe. Dokar a fili take: katin da ya taɓa tebur aka gan shi, ya zama na hukunci, ba ka da ikon mayar da shi hannu. Ɗaya daga cikin matan ta yi murmushi ta ce, "Ɗauki abinki, yarinya, ai koyo kike." Na miƙa hannu ina godiya. Sai na ji mai ƙusan nan ya ɗaga murya, "Alƙali!"

A kaina ya kira alƙalin wasa. Abokin wasana! Aka bar sarauniyar a tebur, aka cinye ta, muka faɗi. Na fito ina huci, na ce masa wane irin mugu ne shi. Ya ce, "Mwalimu, in sun yafe miki yau, ba za su taɓa jin tsoronki ba." Bayan shekara uku muka ɗauki Kofin Tafki a gaban matan nan.

Wannan mutumin ake cewa yana ƙirga mini kati da yatsu.

Lahadi, 7 ga Yuli, bayan coci

Labari ya riga ni zuwa coci. Wata da na koyar da 'ya'yanta uku ta riƙe mini hannu ta ce tana sa ni a addu'a, kowa na iya faɗawa jarrabawa. Na ce na gode, ta haɗa da bakinta.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Yau Talata, ranar wasanmu a kulob. Na zauna a gida ina tsince wake.

Na san wadda ta kai ƙarar. Naliniben Thakrar ce ta Eldoret, wadda ta zo ta biyu a Kericho, ta zo ta biyu bara, ta zo ta biyu tun ina da baƙin gashi. Ta sa an ɗauki hoton Bhai na bidiyo da waya daga teburin gefe, kuma yanzu yana yawo a zauren wayar ƙungiya. Na kalla. Ga hannun a bakin tebur, yatsu na bugun katako. Ga shi ya daɗe bai jefa kati ba. Ga shi ya sauke katunan ƙarƙashin tebur, ya sake ɗagowa. Wani ɗan Kisii har ya zauna ya yi lissafi: wai bugu uku na nufin yana da katin zuciya uku, bugu biyar na nufin in kawo masa wani launi. Wani ya sa hoton ganga, mutane suka yi ta dariya.

Manya ne fa. Lauyoyi, masu kantin magani, tsoffin manajojin banki. Sun iya ƙirga kati hamsin da biyu a ka, sun san mai riƙe da bakwai daga yadda ya yi numfashi. Wasan ya koya musu cewa duk motsi saƙo ne, duk jinkiri magana ce. Ba wanda ya kalli bidiyon nan ya ga dattijo mai shekara saba'in da huɗu. Shugabansu kuwa, da saniya ce ta yi haka da ƙafa, da tuni ya buɗe jaka.

Na kira Nalini. Ta ce, "Perpetua, ba da ke nake ba. Wataƙila ke ba ki ma sani ba."

Na ce, "Wato shi ɓarawo, ni kuma doluwa. Na gode da rabon."

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Ban yi barci ba. Gwiwa ce.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na ja Bhai bakin tafki mu ci abinci. Ni karfasa da ugali, tuwon masara, shi soyayyen dankali, yana toshe hanci yana cewa kifin na kallonsa. Shekara kusan arba'in yana wannan tsokanar, ban taɓa yi mata dariya ba.

Na sake roƙonsa. Ya ce, "Kin tuna Mzee D'Souza?"

Wa zai manta da dattijon nan? Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sunansa a jikin kofin ya fi na kowa yawa. In ya zauna teburinka ka san ka shiga uku. Da ciwo ya taɓa shi ya dawo wasa, sai kowa ya zama mutumin kirki. Ana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. In ya jefa katin da bai dace ba a ce ya ɗauka. In ya ci zagaye ɗaya a tafa masa. Akwai masu ba shi wasa da gangan, su fita waje suna cewa Allah sarki.

"Ya sani fa," in ji Bhai. "Ni na mayar da shi gida ranar ƙarshe. Ya ce mini, Harshad, yau na ci wasa huɗu, ba ko ɗaya nawa. Bai sake zuwa ba. Kin taɓa tafa masa, Mwalimu?"

"Ban taɓa ba."

"Ni na tafa. Shi ya sa na san yadda abin yake daga ciki."

Ya so ya yayyafa gishiri, ya manta ya ɗauko da hagu. Na juya ina kallon masunta har ya gama share teburin.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

Daktari ya zo har gida, da ganyen shayi a leda, toshiyar baki. Ya zauna ya ce ya zo da mafita. In Harshadbhai ya rubuta cewa ya yi ritaya don kansa, kwamiti zai rufe maganar shiru, ba zama, ba hukunci. Ni kuma a samo mini wani abokin wasa don bikin. Kofin Kericho a ba waɗanda suka zo na biyu. Sannan, da yake ana cikin wannan hali, ko zan miƙa rubutun tarihin ga wani?

Na ce, "Wa?"

Ya ce Naliniben ta nuna sha'awa.

Na ce, "Ta rubuta babin waɗanda suka zo na biyu, ta fi kowa saninsa."

"Mwalimu, ana neman a rufa wa dattijo asiri ne."

"Wane asiri? Ka san asirin nasa?"

Ya kalle ni. Maganar ta zo mini har haƙori. Kalma ɗaya, da ya tashi ya ba ni haƙuri a tsaye. Na haɗiye ta, na ji ta tana sauka kamar ƙayar kifi. Na ce ya ɗauki ganyensa, ni na tuddan Nandi nake sha, ba na Kericho ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

Na ɗauko lambar Rupal sau biyu. Na goge kicin maimakon haka.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ba zan sake taka shagon nan ba.

Na je in gaya masa wulaƙancin da Kirui ya kawo, ina tsammanin zai yi tsalle. Sai ya ce zai rubuta takardar.

"Za ka me?"

"Zan yi ritaya. Su ce ɓarawo ne. Ɓarawo ai ana tsoronsa. In na wuce za su ce, ga shegen tsohon nan da ya yi ta cin mu. Ya fi mini Allah sarki."

Nan na fashe. Ma'aikatan shago suka daina auna ƙusa.

"Kai kaɗai ke zama a teburin? In kai ka aika saƙo, wa ya karɓa? Aljani? Duk kofin da ke da sunanka akwai nawa a gefe. Ni da aka ba wa shayi a tsaye, ni da na sha 'yarinya' a bakin matan nan, in ƙare a matsayin wadda Ba'indiye ke buga wa ganga tana rawa? Yarana na makaranta suna cikin garin nan, Bhai, sun zama iyaye. Kai ka zaɓi sunan da kake so a kira ka. Ni wa ya tambaye ni?"

Wallahi bai taɓa tunanin haka ba, na gani a fuskarsa. Wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Na ce, "Girman kai ne ke damunka, ba wancan abin ba. Wancan abin ma ya fi ka kunya."

Bai kamata in faɗi ta ƙarshen ba. Amma na faɗa, kuma ban janye ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Bai kira ba.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Wake kuma. Bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Alhamis, 25 ga Yuli, da safe

Na tambayi Kirui ko takardar ta iso. Ya ce ba ta iso ba. Na goge rigata ruwan toka. In za a yanke mini hukunci, a yanke mini a tsaye. Ba zan karya rantsuwa ba, ba kuma zan amsa laifin da ban yi ba. Abin da zan ce musu ke nan, su yi ta kallona.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta yadda ya faru kafin raina ya gyara shi.

A ƙaramin ɗakin kulob aka zauna. Kwamiti mutum biyar, Kirui a tsakiya, Nalini a gefe da wayarta. Na zo ni kaɗai. Har an fara cewa ko a ci gaba ba shi, sai ga shi ya shigo da farar riga, an yi masa aski. Bai kalle ni ba.

Aka kunna bidiyon. Ɗan Kisii ya tashi ya yi bayanin bugu uku da bugu biyar, har da takarda mai layi-layi. Kirui ya ce, "Harshadbhai, me za ka ce?"

Ya ce, "Shayin nan zai huce. Ku bari in zuba muku, ni ne babba a ɗakin."

Tiren yana kan tebur tun ɗazu. Ya tashi, ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗora shi a fili. Ya ɗauki kofi da farantinsa da hagu, buta da dama. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kofin yana ƙara a kan faranti, ƙarar ba ta tsayawa. Shayi ya cika farantin, ya zubo a kan takardar ɗan Kisii, ya bi hannun rigar. Bai tsaya ba. Ya taka har gaban Nalini ya ajiye mata abin da ya rage.

"Naliniben, ƙirga mini. Zuciya nawa ke hannuna?"

Ta rufe baki da gyalenta. Kirui ya cire tabarau ya ce, "Ya Allah. Ciwon rawar jiki ne. Tun yaushe?" Sai yanzu likitan ya farka.

Bhai ya ce, "Mwalimu ba ta taɓa karɓar komai daga gare ni ba sai ciwon kai. Ku rubuta wannan." Ya fita.

An wanke mu. An ba mu haƙuri, an ce kofin Kericho namu ne. Na ci nasara, ko? Na bi shi waje na same shi yana goge hannun riga da hankici. Na ce, "Bhai." Ya ce, "Kin samu sunanki. Yanzu ki zuba ido ki ga abin da za su yi da nawa."

Litinin, 29 ga Yuli, tsakar rana

Sun fara. Zauren waya ya cika da hannayen addu'a. Wanda ya sa hoton ganga shi ya fi kowa tsawon saƙo. Nalini ta aika masa kwandon 'ya'yan itace da sunan wani mai magani a Gujarat, can ƙasar Indiyawa. Kirui ya kira ni yana shawarar a ba shi lambar girmamawa a bikin, a kuma gaya wa kowa a asirce a riƙa yi masa sauƙi a tebur.

Na ce, "Sauƙi kamar yaya?"

Ya ce, "Kin gane ai. A nuna ɗan'adamtaka."

Sati huɗu suna kiransa ɓarawo, ban ji tsoro kamar yau ba.

Laraba, 31 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na karya maganata na je shagon. Ya gaya wa Rupal da bakinsa kafin ta ji a waje. Ta yi kuka, za ta zo a watan Satumba, ya ce za su yi wannan yaƙin in ta iso. Bikin kuwa, ba zai je ba.

Na ce, "Ni fa? In zauna da kujera?"

"Nemi ɗan Kisii, ya iya lissafi."

"Saboda ni ka zuba shayin nan. Ka zo ka ga abin da ka saya."

"Za su tafa mini, Mwalimu."

"Duk wanda ya tafa zan karya masa yatsa."

Ya ture mini farantin gathiya. Wannan karon na ci.

Juma'a, 2 ga Agusta

Tarihin ya fito daga maɗaba'a. Sun rubuta Eldoret da d biyu. Ko ya zo ko bai zo ba, zan sa rigar coci.

Lahadi, 4 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Ya zo. Jiya da safe, ana saura kaɗan a rufe ƙofa, ya shigo ya zauna a kujerar Arewa, yana fuskantata, ya ce in daina kallonsa kamar kifin nan.

Yadda na yi tsammani haka aka yi. Wannan ya ja masa kujera, wancan ya tambaye shi da ƙarfi ko yana jin sanyi. Kirui ya yi jawabi ya kira shi gwarzo, ya ce cuta ba ta kayar da shi ba. Na ga wuyan Bhai yana ƙara shigewa cikin riga. Duk da haka muka yi wasa, kuma ya yi wasa. Jinkirin na nan, kan kuwa ba abin da ya taɓa shi. Zuwa yau da rana muna na biyu, tazara kaɗan ce tsakaninmu da na farko.

Zagayen ƙarshe ya haɗa mu da Nalini. Ita ta ci tayi, zuciya ce launin da ke mulki, mu ne masu tare ta. Daga yadda tayin ya tafi na san in sarkin zuciya na hannun Bhai, ba ta da hanyar fita, kuma in ta faɗi Kofin Tafki namu ne a shekarar sittin. Yana gyara katunansa sai hannun ya fizge. Kati ɗaya ya yi tsalle ya faɗi a tsakiyar tebur, a buɗe. Sarkin zuciya.

Nalini ta yi maza ta kau da kai, ta ce da murya mai zaƙi, "Ɗauki abinka, Harshadbhai. Ba wanda ya gani." Abokiyarta ta ce, "Ba komai, Bhai, ba komai." Na teburin gefe suka yi kamar suna duba rufi. Alƙalin wasa ma yana tsaye kusa, ya juya baya yana gyara takardu.

Bhai bai taɓa katin ba. Bai kalle ni ba ma. Yana kallon sarkin nan, fuskarsa irin ta Mzee D'Souza a shekararsa ta ƙarshe.

Ina son kofin nan. Kada wani ya ce ba na so. Na so in ɗaga shi a gaban ɗan Kisii da mai hoton ganga da matar coci.

Na buɗe murya irin wadda nake tsayar da taron makaranta da ita. "Alƙali!"

Zauren ya juyo gaba ɗaya. Na ce, "Abokin wasana ya yar da kati a buɗe. A yi mana doka."

Wata ta ce, "Haba Mwalimu, ba ki da imani?" Kirui ya taso yana yi mini alama da ido. Alƙalin ya zo yana jan ƙafa, na ce ya karanta dokar da ƙarfi, ya karanta: katin zai zauna a tebur, kuma dole a jefa shi da zarar an kira launinsa.

Nalini ta riƙe katinta ta kasa motsi. Tana da babban katin da ke cin sarki, kowa ya sani. Na ga tana laluben wani launi don ta bar shi da rai. Sai Bhai ya ɗago.

"Nalini, shekara nawa kina neman wuyana? Ga shi a faranti. In kika bar sarkin nan, ba ni ba ke har abada."

Ta dube shi. Sai na ga tsohuwar Nalini ta dawo, mai ƙanƙance ido. Ta buga babban katin a tebur har kofuna suka motsa. Bhai ya miƙa hannun hagu, yana rawa, rawa sosai, a gaban mutum tamanin, ya tura mata sarkinsa. Ta kwashe, ta cika wasanta, ba ta ce Allah sarki ba. Ba wanda ya tafa.

Mun ƙare na huɗu. 'Yan Kericho suka ɗauki kofin. Nalini ta zo ta biyu.

A waje muna jiran tuk-tuk ya yi ta zagina da Gujarati, yarensu, na gane rabi. Sannan ya ce, "Muguwar mata. Tun 1981 kike jiran ki rama."

Na ce, "In sun yafe maka yau..."

"Rufe mini baki, na san ƙarshenta, ni na ƙirƙire ta." Ya goge ido da bayan hannun, bai mayar da shi aljihu ba. "Talata ki zo da wuri. Tayinki ya lalace, wata guda kina tsince wake."